Maƙalar Mako: Kafin Mu Jefar Da 'Yar MP3



A wannan makon batir za mu yi magana a kai, batirin 'yar na'urar jin sauti. Mun san wani zai ce me ya haɗa kifi da kaska, zauren marubuta da maganar batir? A ɗan yi mana haƙuri. Da yawanmu muna da 'yar MP3, ko ƙaramin rediyon nan mai cin memori da ake samu a Sabon Gari ko Farm Centre a Kano, da kusan kowace kasuwar waya a Arewa. A ciki muke jin Narambaɗa da Ɗanƙwairo da Shata, muna tsintar Hausar da ba ma ji a titi. A ciki muke sauraron littattafan da aka karanta da murya, da tafsiri. Wasunmu ma da ita suka ɗauki muryar kaka tana tatsuniya, ko hirar wani dattijo kan tarihin unguwa. Ranar da ta fara mutuwa bayan minti ashirin da cire ta daga caji, sai mu ce ta lalace, mu wurga ta cikin durowa, mu fara tara kuɗin sabuwa.

Ra'ayinmu shi ne, a mafi yawan lokuta lafiyar na'urar ƙalau, batir ne ya gaji, kuma shi kaɗai ya kamata a canja. Ƙari a kan haka, muna ganin bai kamata mai ƙaramin ƙarfi irinmu ya ba da kuɗinsa ga na'urar da aka manne batirinta yadda ba zai ciru ba, in dai yana da zaɓi.

Wannan rigima ba yau aka fara ta ba. Walkman ɗin da kamfanin Sony ya fitar a 1979 batir biyu yake ci, irin na tocila ƙarama. Ya ƙare, ka cire, ka sa wani, shi ke nan. Da kamfanin Apple ya fito da iPod a watan Oktoba na 2001, mai ɗaukar waƙa 1,000, sai ya rufe batirin a ciki, babu murfi babu ƙofa. Bayan shekara biyu batura suka fara gajiya, mutane suka fara ƙorafi. A ƙarshen 2003 wasu 'yan uwa biyu a birnin New York na Amurka, Casey da Van Neistat, suka yi wani ɗan gajeren bidiyo suna bin allunan tallar iPod suna fesa musu rubutun da ke cewa batirin wata 18 kawai yake yi, domin da suka nemi gyara an faɗa musu kuɗin da ya kusa na sabuwa. Bidiyon ya zagaya intanet tun kafin a san YouTube. A daidai wannan lokaci Apple ya fito da tsarin canja batir a kan dala 99, daga baya kuma ya yi sulhu da masu saye da suka kai shi kotu. A watan Mayu na 2022 kamfanin ya daina ƙera iPod gaba ɗaya. Amma har yau akwai masu buɗe tsofaffin, su sa sabon batir, su cire faifan ajiya mai juyawa su sa memori a madadinsa, na'urar ta ci gaba da aiki, cajinta ma ya fi daɗewa saboda memori ba ya zuƙar wuta kamar faifan. Ke nan na'urar da aka ce kwananta ya ƙare tana iya shekara goma sha biyar tana waƙa.

Tarayyar Turai ma ta gane haka. A 2023 ta yi dokar da ta ce daga watan Fabrairu na 2027, ƙananan na'urorin da za a sayar a ƙasashenta dole batirinsu ya zama wanda mai na'ura zai iya cirewa ya canja, ban da wasu 'yan kaɗan da dokar ta keɓe. Mu nan ba mu da irin wannan doka, sai dai mu yi tamu a bakin shago: kafin mu tambayi farashi, mu juya bayan na'urar mu ga ko murfin yana buɗuwa.

Abin mamaki, a nan ƙaramin rediyon China mai arha ya fi wasu masu tsada mutunci. Da yawansu batirin BL-5C suke ci, wanda muka sani a tsofaffin wayoyin Nokia, wasu kuma dogon nan mai suna 18650. Ka zare, ka sa wani. Mai zuwa ƙauye ɗaukar hira zai iya cika guda biyu ko uku ya zuba a jaka, ba ruwansa da neman soket a gidan mutane.

To me ke gajiyar da batir tun farko? Kusan duk waɗannan na'urori batirin litiyam suke amfani da shi, wanda Sony ya fara kawowa kasuwa a 1991. A cikinsa ƙwayoyin litiyam ne ke kai-kawo tsakanin ɓangare biyu, su tafi can lokacin caji, su dawo lokacin da ake amfani. Duk zuwa da dawowa kaɗan daga cikinsu na maƙalewa a hanya, ba sa ƙara aiki. Shi ya sa Apple ya ce batirin iPod an yi shi ne ya riƙe kusan kashi 80 cikin ɗari na ƙarfinsa bayan cikakken caji 400. A lura, cikakken caji ake ƙirgawa. In ka sha rabi yau ka cika, gobe ka sha rabi ka cika, ɗaya ke nan aka rubuta maka. Don haka yawan ɗan sa caji ba laifi ba ne.

Babban maƙiyinsa kuwa zafi ne, kuma a nan mu 'yan Arewa muke da aiki. Masu ƙera na'urorin suna gargaɗin kada a bar su a zafin da ya haura digiri 35. Mu kuwa a Maris da Afrilu, Kano da Sakkwato da Maiduguri suna haura 40 a inuwa. Yanzu a ƙara da ɗakin kwano mara silin, ko gaban mota da rana tsaka, ko teburin mai cajin kuɗi inda aka jibge na'ura hamsin kan juna ga janareto yana huci a gefe. Zafi yana hanzarta maƙalewar nan da muka faɗa, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Mafi muni shi ne a haɗa zafi da cikakken caji: batir ya kai ɗari bisa ɗari, yana nan a jone, an tura shi ƙarƙashin filo har asuba. Mun san uzurin, wutar NEPA sai ƙarfe ɗayan dare take zuwa, wa zai zauna gadin caza? Gaskiya ne. Amma ko ba komai a ajiye na'urar a ƙasa kan siminti inda iska ke shiga, a kuma cire ta da an tashi sallah.

Akwai wata tsohuwar magana da har yanzu wasu masu shago ke maimaitawa, wai sabon batir sai ya yi awa takwas a caji, wai kuma a bar shi ya mutu murus kafin a sake jona shi. Wannan shawara ta baturan da ne masu sinadarin nikel. Na litiyam ya fi jin daɗin zama a tsakiya, tsakanin kashi 20 da 80. Barinsa ya ƙare ƙaf sannan a manta da shi wata da watanni shi ke kashe shi, har ya ƙi karɓar caji sam. Wanda zai ajiye na'ura ya tafi makaranta ko bautar ƙasa, ya bar ta da rabin caji a wuri mai sanyi, in batirin na ciruwa ya cire shi.

Sauran dabarun kowa ya san su in ya tsaya ya yi tunani. Sifika ta fi iyafis shan wuta nesa ba kusa ba. Bluetooth da hasken fuskar na'ura da 'yar tocilar da ake maƙala wa rediyon duk daga tukunya ɗaya suke ci.

Idan lokacin canji ya zo, a nan ake cutar mutane. BL-5C na gaskiya bai wuce mAh 1,020 ko kusa da haka ba. Wanda aka rubuta masa 3,000 a jiki, girmansu ɗaya, ƙarya ce aka buga da tawada. Haka 18650, nagartaccensa yana tsayawa ne wajen 3,500, nauyinsa kuma kusan giram 45. Wanda ke ɗauke da 9,900, ka ɗaga ka ji shi sakayau kamar kara, ajiye musu abinsu. Wasu ma daga matattun baturan kwamfuta ake ɓallo su a sake musu riga. Arha ba ta ado, in ji mutanenmu, kuma batirin jabu ba asarar kuɗi kaɗai yake jawowa ba, yana iya kama wuta.

Ita kuwa na'urar da batirinta ke ciki a manne, a kai wa mai gyaran da aka yarda da hannunsa. A tabbatar sabon batirin bolt 3.7 ne kamar tsohon, girmansa ya shiga ba tare da dannawa ba, jar waya da baƙa kowacce ta koma mazauninta. Kada a yarda a sa wuƙa ko sukudireba a banƙare tsohon, domin in aka huda shi hayaƙi da wuta ne. Sannan abin da ya fi shafarmu: a cire memori kafin a miƙa, in kuma ajiyar a cikin na'urar take, a kwashe komai zuwa kwamfuta ko filas tukuna. Dattijon da aka yi hira da shi bara ba lallai a same shi bana ba, kuma ba kowace murya ce mai ita ya yarda ta zaga shagon gyara ba.

Wani zai ce duk wannan wahala ta me, ga waya tana yin komai? E, tana yi. Sai dai wayar nan ita ce kira ke shigowa ana tsakiyar ɗaukar hira, ita ce muke buɗewa don jin baiti ɗaya na Narambaɗa mu tsinci kanmu a TikTok bayan awa guda. Kuma duk awar da ta yi tana waƙa daga cikin cajin da aka ƙayyade wa batirinta ake cirewa, batirin da canja shi ya ninka na 'yar MP3 kuɗi sau da yawa, shi ma kuma a manne yake. Raba aikin ya fi sauƙi ga aljihu.

Saura batirin da ya kumbura. Da an ga murfi ya ɗago ko fuskar na'ura ta turo, a daina caji nan take. Iska ce ta taru a ciki, kuma huda shi da allura don ya sace, kamar yadda wasu ke yi, wasa da gobara ne. A cire shi a hankali, a liƙe bakinsa da salatif, a sa shi cikin gwangwani mai yashi nesa da yara da risho. Kada a jefa shi cikin sharar da za a cinna wa wuta, yana fashewa. A tambayi masu gyara ko masu sayen kayan wuta da suka mutu, wasunsu suna karɓa.