Haddar Manyan Kalmomin Turanci Ba Ita Ce Sani Ba

Wannan makon za mu sosa inda yake mana ƙaiƙayi, kuma da kanmu za mu fara, don mu ma muna ciki tsundum.

Wata ɗabi'a ta kama mu. Sai mu samo jerin manyan sunayen Turanci a intanet, mu haddace goma yau, gobe mu barbaɗa su cikin rubutun Hausa. Sai ka ga an rubuta: "An yi empowerment a Mashi, amma babu accountability." To, mu ɗauki wannan jimlar mu karanta wa dattijon da ke sayar da goro a bakin titin Katsina zuwa Daura, nan cikin garin Mashi. Me ya ƙaru da shi? Ko kaɗan. Alhali maganar a kansa ake yi, kuma kuɗinsa ne.

Matsalar ta wuce rashin fahimta. Turanci yakan ɗauki aikatau ko siffa ya liƙa musu wutsiya irin su -ment da -tion da -ity, sai su koma suna. Da zarar aiki ya koma suna, wanda ya yi shi da wanda aka yi wa sai su ɓace daga jimlar. Shi ya sa 'yan siyasa ke ƙaunar kalmar empowerment. Da Hausa za a faɗa, dole a bayyana abin da aka raba. Keken ɗinki ne, awaki ne, ko 'yan kuɗi a ambulan? Mutum nawa suka samu? Ita kuwa accountability, ma'anarta shugaba ya tsaya gaban jama'a ya faɗi nawa ya shigo, nawa aka kashe, ina sauran. Marubucin da ya ajiye kalmar Turancin ya wuce, ya taya mai rufa-rufa aikinsa bai sani ba.

Abin kunya, ko a Turancin ma ba mu iya amfani da su ba. Information da advice da equipment da furniture ba a yi musu jam'i da s, amma kullum sai mun liƙa. Kowane suna yana da 'yan rakiyarsa: access da to take tafiya, impact kuma da on. Wanda ya haddace kalma tsirara daga jeri bai san wannan ba, domin a cikin jimla ake koyonsa.

Wasu za su ce, to a bar Turancin mana. Ba mu tare da su. Abubakar Imam a Kwalejin Katsina ya yi karatu, ya san Turanci ya san Larabci. Da wannan sanin ya ɗebo labarai daga littattafan wasu ƙasashe ya mai da su namu a Magana Jari Ce. Da aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, shi ne editanta na Hausa, ya riƙa kai wa mutanen karkara labarin yaƙin duniya na biyu da harshen da suke ji. Sanin Turancinsa ne ya ba shi ikon juya shi zuwa Hausa.

Wasu kuma za su ce Hausa ba ta da kalmomin. Mun duba kafin mu yanke hukunci? Ƙamusun Bargery na 1934 yana ɗauke da kalmomi kusan 39,000. Jami'ar Bayero ta fitar da Ƙamusun Hausa a 2006. Mu nawa ne muka taɓa buɗe ɗaya? Kuma Hausa tana da hanyarta ta ƙirƙirar suna: daga buɗe ta samar da mabuɗi, daga shugaba shugabanci, daga aboki abokantaka. Aro ma ba laifi ba ne. Asibiti da mota da gwamna duk daga Turanci suka zo, amma sai da bakin Bahaushe ya tauna su, jama'a suka karɓa.

Ga abin da muke kira a yi. Duk sunan Turancin da muka ci karo da shi, mu kwafe shi tare da jimlar da ya fito a ciki. Mu gano ko ana masa jam'i, da kalmar da ke bin sa. Sannan mu mai da shi aiki da Hausa: wa ya yi, me ya yi, wa aka yi wa. A ƙarshe mu gwada faɗa wa iyayenmu a gida. In suka gane, mun san kalmar. In suka yi shiru suna kallonmu, haddar aku muka yi, sai mu koma mu sake karatu.

Kalma biyar a mako ta wannan hanyar ta fi ɗari da aka haddace don burga. Allah ya sa mu dace.