Dam ɗin Gonarka Ba Naka Kaɗai Ba Ne

Daren Laraba, 9 ga Mayu 2018, mutanen Solai da ke gundumar Nakuru a ƙasar Kenya suna cikin gidajensu sai bangon wata madatsar ruwa da ke saman tudu ya ɓalle. Ruwa ya gangaro da laka da duwatsu da itatuwa, ya share gidaje, ya kashe mutum 48, da yawansu yara ƙanana. Madatsar ta wata babbar gona ce mai zaman kanta da ake noman kofi, ƙasa aka jibga aka tare ruwa don ban-ruwa. Sai da abin ya faru sannan hukumar kula da ruwa ta ƙasar ta fito tana cewa ai madatsun gonar ba su da takardun izini. Ina take tun farko?

Na kawo Solai ne saboda wata magana da ta zauna daram a bakin mutane, har da masu ilimi: gonarsa ce, kuɗinsa ne, kuma ɗan ƙaramin dam ne, ina ruwan hukuma? Wannan magana ɓata ce, kuma tana kashe mutane. Ruwa bai san iyakar gona ba. Ranar da bango ya buɗe, mai gona yana can tudu, waɗanda ke kwari su ke biyan bashin da ba su ci ba. Haɗarin madatsa ana auna shi ne da yawan masu kwana a ƙasanta, tsawon bango ya biyo baya.

Da zarar abin ya faru kuma sai a sauya masa suna, a ce ambaliya ce, ruwan bana ya yi yawa, ƙaddara. Mun yi imani da ƙaddara, amma galibi bangon ƙasa ba ya faɗuwa sai ya daɗe yana ba da sanarwa. Hanya biyu ya fi mutuwa. Ko dai ruwa ya cika ya rasa mafita ya haura ta kansa, ya zaizaye shi cikin ɗan lokaci, domin ƙasa ba ta jure gudun ruwa a kanta kamar kankare. Ko kuma ruwa ya sami kafa ta cikinsa, yana tsiyaya yana jan ƙasa kaɗan-kaɗan har kafar ta zama rami. Saiwar bishiyar da aka bari ta girma a kan bangon, gidan gara, ramin gafiya, yumɓun da ba a daddale ba ranar gini, duk ƙofofi ne. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Duk wanda ya ga ruwa na ɓuɓɓugowa a gindin bango ta baya, kuma ruwan ya yi launin laka, to bangon ne ke fita a cikinsa. Gane wannan ba ya buƙatar na'ura mai tsada. Yana buƙatar mutumin da aikinsa ne ya je ya duba, wanda kuma ba mai gonar ke biyansa albashi ba.

Kada a ce matsalar ƙasashe matalauta ce. A ranar 14 ga Maris 2006 madatsar Kaloko da ke tsibirin Kauai na jihar Hawai a Amurka ta fashe, mutum bakwai suka rasu. Ita ma ta ƙasa ce, a filin wani attajiri. Bincike ya nuna an binne mafitar rarar ruwanta, kuma jami'an jiha ba su taɓa zuwa duba ta ba. Mai filin wata bakwai aka yanke masa a 2014. A Kenya kuwa, kan lamarin Solai, an gurfanar da mutum tara, har da jami'an gwamnati, bisa kisa ba da gangan ba, shari'ar ta yi ta jan ƙafa har kotu ta sallame su a 2020 kafin a sake tayar da ita.

Malaman fiƙihu sun daɗe da warware wannan a mas'alar bangon da ya karkata kan hanya: in an gargaɗi mai shi ya ƙi gyarawa, ya faɗa kan wani, lamuni na wuyansa. To ina ga bangon da ke riƙe da tafki guda a saman ƙauye?

A nan gida, in aka ce dam, hankalinmu kan Bagauda da ta fashe a 1988 yake zuwa, ko Alau da ta shanye Maiduguri a Satumban 2024. Waɗannan na gwamnati ne, suna da suna da injiniyoyi, duk da haka suka ci mu. Su kuwa ƙananan da masu hali ke tarewa don noman rani, kiwon kifi da shayar da shanu, sau da yawa direban katafila ne injiniyansu. Na taɓa tsayawa a kan irin wannan bango, bishiyoyin darbejiya sun yi layi a kansa, mai gadi yana alfahari da inuwarsu, ga rugar Fulani a ƙasa ana shanya kaya. Har yau wurin bai bar raina ba.

Ba na adawa da tara ruwa. Ƙasar da damina ke wata huɗu dole ta adana abin da ta samu. Amma gwamnatocin jihohi su ƙirga waɗannan madatsu ɗaya bayan ɗaya, su hana tare rafi sai da zanen injiniya da mafitar rara, a duba kowace kafin saukar damina, wadda ta gaza a rage mata ruwa ko mai ita ya so ko ya ƙi. Masu unguwanni da dagatai, ku kuka san inda suke. Ku rubuta wa ƙaramar hukuma tun yanzu, ku ajiye kwafi, kada ku jira watan Agusta.