"Allah Ya Ƙara Basira" Ba Sharhi Ba Ne

Shiga Facebook ko wani guruf na WhatsApp ka ce a zaɓa maka littafin soyayya, ka sha kallo. "Wallahi ya yi daɗi." "Na yi kuka." "Anti, Allah ya ƙara basira." Sharhin ke nan ya ƙare. Me ya yi daɗin? A ina labarin ya fara jan ƙafa? Me ya sa har yanzu attajiri mai taurin kai ne ke auren 'yar aikin gidansu? Shiru, kowa na tsoron a cire shi daga guruf.

A shekarun 1990, da Ibrahim Malumfashi ya caccaki abin da ya kira adabin kasuwar Kano, Abdalla Uba Adamu ya mayar masa da martani a jarida, hujja na bin hujja. Marubuta sun ji zafi, amma an ɗauki aikinsu da muhimmanci.

Ɗauki Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu. Alhaji Abdu ya kori Rabi saboda amarya, ta riƙe 'ya'yanta da sayar da abinci, da duniya ta juya masa baya kuma aka matsa mata ta koma. Adalci ne ko zalunci? Ni na ce zalunci ne, wata ta ce haka rayuwar take, sai mu kwana muna musu.

Yau kuwa yarinya ta cire kuɗin datarta ta sayi littafi mai shafi ɗari biyar saboda yabonku, ta kai shafi na talatin ta ajiye. Ku kuka cuce ta. Marubuciyar ma kun cuce ta, don gobe irinsa za ta sake rubutawa.