Ciro Abin Da Ya Maƙale A Maƙoshi: Na'ura Ba Ta Isa Ba Sai Da Mai Allurar Barci

A ƙauyukan ƙasar Bici, tun daga Badume har zuwa Saye da Danzabuwa, idan ƙashin kifi ko na nama ya maƙale wa mutum a maƙoshi, maganin da aka fi sani shi ne a ba shi babbar lomar tuwo ya haɗiye, wai don ta tura ƙashin ya wuce. Wani lokaci a dace, wani lokaci kuwa lomar ta ƙara soka ƙashin cikin nama. Sai an kwana biyu, mutum ya kasa haɗiyar ko yawu, sa'an nan a nemi mota a nufi asibiti.

A zamanin da, kwabo da sisi ne yara suka fi haɗiyewa. A yau kuwa abin da ya fi tayar wa likitoci hankali shi ne ƙaramin batiri mai kama da maɓalli, irin na agogo da kayan wasan yara. Idan ya tsaya a hanyar abinci, yana iya ƙona naman wurin cikin awa 2 kacal. Su ma manya ba su tsira ba, musamman masu haƙoran roba.

Hanyar abinci bututu ne mai laushi, tsawonsa kimanin santimita 25 a jikin babban mutum, kuma abu ya fi tsayawa a bakinsa na sama inda ya fi ƙunci. Likita kan zura wani bututu mai fitila ta baki, ko na ƙarfe ko mai lanƙwasa, ya hango abin ya kamo shi. Wannan dabara ba sabuwa ba ce, domin tun a 1868 wani likitan Jamus mai suna Kussmaul ya gwada ta a kan wani mai wasan haɗiyar takobi. Amma daɗewar aiki ba ta raba shi da haɗari ba. Bututun yana iya huda hanyar abinci, musamman in wurin ya riga ya kumbura saboda jinkiri, kuma in ta huje ƙwayoyin cuta sai su malala cikin ƙirji, abin da ke iya kai mutum lahira cikin 'yan kwanaki.

Haɗari na biyu, wanda jama'a ba su cika sani ba, yana wajen sa barci ne. Hanyar abinci da hanyar numfashi maƙwabtan juna ne, kuma a baki ɗaya likita mai ciro ƙashi da mai allurar barci suke aiki. Idan aka sa mutum barci, tarin da ke kare huhunsa yakan tsaya. In akwai tuwo ko koko a cikinsa, yana iya tasowa ya gangara cikin huhu. Haka kuma bututun ƙarfe yana iya danne hanyar numfashin ƙaramin yaro, ko maƙogwaronsa ya shaƙe yayin da yake farfaɗowa. Saboda haka ne mai allurar barci yakan fara sa wani bututun dabam a hanyar numfashi, ya tsaya a kan marar lafiya yana lura da bugun zuciyarsa da yawan iskar da ke cikin jininsa, tun daga farkon aiki har ya farka sarai.

A nan ne ya kamata hukuma ta yi tunani. An saba ganin cewa sayen na'ura shi ne ci gaban asibiti, domin ita ce ake gani a hoto ranar buɗewa. Alhali kuwa na'urar leƙa maƙoshi a asibitin da ba shi da ƙwararren mai allurar barci, ba shi da iskar oksijin a tulu, ba shi da injin zuƙe majina da amai, tarko ce kawai. Ƙungiyar likitocin allurar barci ta duniya ta ba da shawarar a sami aƙalla irin waɗannan likitoci 5 ga kowane mutum 100,000, Nijeriya kuwa tana nesa ƙwarai da wannan adadi, kuma 'yan kaɗan ɗin da ake da su sun taru ne a manyan birane. Tun a 2015 Babban Taron Lafiya na Duniya ya zartar da cewa aikin tiyata da na sa barci wani ɓangare ne na kula da lafiyar kowa da kowa, watau har da manomin karkara.

Daga Bici zuwa Kano kimanin kilomita 40 ne, kuma a can akwai Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da Asibitin Ƙwararru na Murtala Muhammad. Wani zai ce tun da tafiyar ba ta da nisa, ai babu damuwa. To, amma mutumin da ke cikin lungu sai ya fara neman babur zuwa bakin titi, ya nemi kuɗin mota, ya kutsa cunkoson Dawanau, kuma awa 2 ɗin batiri ba ta jiran kowa. Lalle ne Ma'aikatar Lafiya da Hukumar Kula da Asibitoci ta Jihar Kano su tabbatar cewa kowane babban asibiti na karkara yana da malaman jinya da aka horar a kan allurar barci, da kayan aikinsu, da motar ɗaukar marasa lafiya mai mai a ciki. Inda kuwa waɗannan ba su cika ba, mafi alheri shi ne a tura marar lafiya gaba nan take da takarda, maimakon a gwada sa'a a kansa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Iyaye ma suna da nasu rabon. Kada a tura loma, kada a zura yatsa, kada a sa yaro amai. Idan malamin asibiti ya tambayi lokacin da aka ci abinci na ƙarshe, tilas ne a faɗi gaskiya, domin a ƙa'ida ana son ciki ya huta daga abinci awa 6, daga ruwa zalla kuma awa 2, kafin a sa barci. Uwar da ta ɓoye cewa ta ba ɗanta koko don tsoron faɗa, ta ɓoye abin da zai iya halaka shi. In an sani, mai allurar barci yana da dabarar da zai bi. Game da batiri kuwa ba a jiran ciki ya huta. Yaron da ya wuce shekara ɗaya, wanda bai fi awa 12 da haɗiye shi ba kuma yana iya haɗiya, ana iya ba shi zuma cokalin shayi 2 kowane minti 10, har sau 6, a kan hanyar zuwa asibiti, sa'an nan a gaya wa likita.

Bayan an gama aiki ma ba a saki jiki ba. Zazzaɓi, ko ciwon ƙirji da wuya, ko kumburin wuya, ko wahalar numfashi, alamu ne na cewa hanyar abinci ta huje, kuma wajibi ne a koma asibiti a wannan sa'a, ko da tsakar dare ne. Allah ya kiyaye.