Jami'ar Coci Ce, To Wane Kwas Za Ku Karanta?



Duk shekara idan sakamakon JAMB ya fito, daga Sabon Tasha zuwa Narayi, Romi har Gonin Gora, akwai maganar da takan yawaita a bakin yaranmu da iyayensu: "Mu dai jami'ar coci muke so." Idan ka tambayi yaron wane kwas zai karanta, sai ya ce duk wanda suka ba shi. Wannan amsar tana damuna. Shekara huɗu, biyar ko shida da za ku yi, a cikin sashe guda za ku yi su, a hannun malaman wannan sashen, kuma takardar da za ku fito da ita sunan kwas ɗin ne zai bi ku wurin neman aiki. Saboda haka ina so ku fara bincika kwas kafin ku ƙaunaci sunan makaranta, kuma kafin Baba ya taɓa filin da ya rage masa a ƙauye.

Bari mu ɗauki wadda yawancinmu muka fi sani, wato Jami'ar Bingham da ke Karu a jihar Nasarawa, kan hanyar Abuja zuwa Keffi. ECWA ce ta kafa ta a shekarar 2005, aka sa mata sunan Rowland Bingham, ɗaya daga cikin samari uku da suka sauka Legas a ƙarshen 1893 da nufin kawo bishara ƙasashenmu. Sauran biyun, Walter Gowans da Thomas Kent, sun rasu a 1894, shi Gowans a Girku, nan cikin jihar Kaduna ta yau. Asibitin koyarwar jami'ar yana Jos, tsohon asibitin Evangel ne wanda iyayenmu suka fi sani da Jan Kwano. Ana karanta likitanci a can, da aikin jinya, haɗa magunguna, lauya, kimiyyar kwamfuta, aikin jarida, lissafin kuɗi da sauransu, akwai kuma makarantar digiri na biyu da na uku. Katolika suna da Veritas a Bwari, Baptist suna da Bowen a Iwo. Maƙwabtanmu Musulmi ma suna da irin tasu, kamar Al-Qalam a Katsina. Tun 1999 da gwamnati ta ba jami'o'i masu zaman kansu na farko lasisi, kusan kowace babbar ɗarika ta so ta ga tata.

Ana ce wa irin waɗannan makarantu marasa neman riba, kuma a nan ne mutanenmu da yawa suke ruɗewa. Abin da kalmar take nufi shi ne idan kuɗi ya yi saura a ƙarshen shekara, ba a raba shi ga masu makarantar, ana mayar da shi cikin gini, kayan aiki da albashi. Ba ta yi wa kowa alkawarin araha ba. Jami'ar gwamnati, gwamnati ce ke biyan albashin malamanta, asusun TETFund kuma yana gina mata azuzuwa da ɗakunan gwaje-gwaje, yana tura malamanta ƙarin karatu. Jami'ar coci ba ta cikin wannan rabo. Albashin farfesa, man janareta, rijiyar burtsatse, masu gadi, kusan duka daga aljihun iyaye suke fitowa. Bashin karatu na NELFUND da aka fara bayarwa a 2024 shi ma na ɗaliban makarantun gwamnati ne. Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a 2024 naira 70,000 ne a wata, wato 840,000 a shekara idan mutum bai ci ko ƙwayar masara ba, alhali kuɗin karatun likitanci a jami'a mai zaman kanta maganar miliyoyi ce kowace shekara. Ku tuna a wane gefen gari muke. Iyaye da yawa a Kakuri da Nasarawa tun da masaƙu suka rufe ba su sake ganin albashi mai tsari ba.

To me ake saya da wannan kuɗi? Babban abin da ake saya lokaci ne, kuma ba zan raina shi ba. Malaman jami'o'in gwamnati sun yi yajin aiki na kusan wata tara a 2020, suka sake yin na wata takwas a 2022, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Yayyenku da ke cikin wannan zumunta sun san yadda zaman gida na wata takwas yake, da irin abin da yakan haifar. A jami'a mai zaman kanta, kwas na shekara huɗu yakan ƙare a shekara huɗu. Ga wanda zai yi likitanci na shekara shida, ko lauya na shekara biyar sannan ya ƙara guda a makarantar horas da lauyoyi, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Haka kuma ga wadda ta sami maki mai kyau amma gurbin likitanci ko jinya a ABU Zariya ya gagara shekara biyu a jere, domin masu nema sun ninka gurbin sau da yawa. Idan gida yana da halin biya har ƙarshe, a irin waɗannan kwasa-kwasai ina goyon baya.

Inda nake ja da baya shi ne a ce iyali su sayar da gona domin yaro ya karanta kwas ɗin da yake nan a KASU, ko a harabarta ta Kafanchan, ko a Zariya, a kan kaso kaɗan na kuɗin, musamman kwas ɗin da shi yaron bai taɓa so ba, an ba shi ne don nan gurbi ya rage. Masu ɗaukar aiki a banki ko a ma'aikata ba za su ƙara maka maki don makarantarka ta coci ce ba. Za su duba matakin da ka fita da shi da abin da hannunka ya iya. Kuma tsofaffin jami'o'in gwamnati, duk da cunkoso da lalacewar gine-gine, a sassa da yawa su ne ke da manyan malamai. Ba ɓoyayyen abu ba ne cewa jami'o'i masu zaman kansu da dama suna aro malamai daga can su zo su koyar na wasu kwanaki su koma.

Ubangijinmu ya ba da misalin mutumin da ya kafa harsashin gini bai zauna ya yi lissafi ba, kuɗi suka ƙare, masu wucewa suna nuna shi da baki. Yana cikin Luka sura 14. Maganar bin sa yake yi a wurin, amma lissafin ya dace da mu. Kuɗin shekarar farko kowa yana iya haɗa shi: kawu ya ba da nasa, Mama ta kwashe adashe, a sayar da awaki. Shekara ta uku ce take nuna gaskiya, lokacin da kuɗin makaranta ya ƙaru, ƙanne biyu sun kai sakandare, kawu kuma ya daina ɗaukar waya. Komawa jami'ar gwamnati a tsakiyar karatu ba ya zuwa da sauƙi, sau da yawa sai an koma baya da aji. Ku zauna da iyayenku da biro da takarda, ku lissafa dukan shekarun, da ɗakin kwana, abinci da kuɗin mota, ku ƙara wani abu a kai saboda tsadar kaya. Ku rubuta sunan wanda zai biya kowace shekara. "Allah zai tanada" gaskiya ne, amma kada ku mai da ita hanyar gudun wannan zaman.

Sai tambayoyin da ya kamata ku yi wa kowace jami'a, ta coci ko ta gwamnati, kafin a biya ko sisi. Lasisin da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, ta ba makaranta daban yake da amincewar da take yi wa kowane kwas. Takan tura masu dubawa sashe-sashe, wani ya sami cikakkiyar amincewa ta shekara biyar, wani ta wucin gadi ta shekara biyu, wani a hana shi. Makaranta ɗaya tana iya zama da duka ukun a lokaci guda. Ku tambayi matsayin naku kwas ɗin, ku duba a shafin hukumar da kanku. Kwasa-kwasan sana'a kuma suna da ƙofa ta biyu. Majalisar likitoci, MDCN, ita ke ƙayyade yawan ɗaliban da kowace makarantar likitanci za ta ɗauka. Majalisar ilimin lauya tana yin haka ga masu zuwa makarantar horas da lauyoyi, har ta taɓa dakatar da wasu jami'o'i daga ɗaukar ɗalibai saboda sun wuce adadinsu. Jinya, haɗa magunguna da injiniya kowanne da tasa majalisar. Idan an ba makaranta gurbi hamsin ta ɗauki ɗari da hamsin, wasu za su gama karatu su zauna jiran layi na shekaru, wa ya sani ko ku ne. Kuma duk shigar da ba ta bi ta tsarin JAMB ba, komai kyan takardar da makaranta ta ba ku, za ku gamu da matsala ranar tafiya bautar ƙasa.

Masu kawo muku labarin digiri na shekara biyu a Kwatano, ku bar su da kayansu. A ƙarshen 2023 wani ɗan jarida ya nuna yadda ya sami digiri daga can cikin mako shida, a farkon 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da karɓar takardun Benin da Togo, har waɗanda suka yi karatu na gaskiya abin ya shafe su. Ku tambayi maganar tsaro ma. Mu a Kaduna ba mu manta da ɗaliban Greenfield da aka sace a Afrilun 2021 ba, da waɗanda ba su dawo gida da rai ba. Inda makaranta take da hanyar da za ku riƙa bi suna cikin lissafi.

Akwai iyayen da suke zaɓar jami'ar coci don tsoron kada yaro ya lalace. Na fahimce su. Akwai doka, akwai sujada, akwai sa ido a ɗakunan kwana. Sai dai sujadar da aka tilasta ba ta canza zuciya, tana cika kujeru ne. Fastoci da dattawa da yawa da kuke gani yau a ƙungiyoyin FCS da NIFES na makarantun gwamnati suka tsaya da ƙafafunsu, inda babu mai buga musu ƙararrawa. Yaron da aka reno da kyau a gida zai nemi zumunta a Samaru kamar yadda zai neme ta a Karu.

Ku kuma da kuka gama bautar ƙasa kuna tunanin digiri na biyu, tambayata gajeriya ce: me za ku yi da shi? Wanda yake so ya koyar a jami'a ko ya yi bincike, dole ne, kuma yana buƙatar irin wanda ake rubuta kundin bincike sosai, da maki mai kyau da zai buɗe masa digiri na uku. Wanda yake aiki yana neman ƙarin girma, na harkar gudanarwa da ake yi ƙarshen mako yana iya isar sa. Mai HND ko wanda ya fita da mataki na uku yawanci sai ya bi ta PGD tukuna. Amma wanda bai sami aiki ba, ya gaji da tambayar mutanen unguwa, yana neman inda zai ɓuya na shekara biyu da kuɗin Mama, gara ya sa wannan kuɗin a koyon sana'a ko jarrabawar ƙwararru irin ta ICAN. A wannan mataki malamin da zai duba aikinka shi ne rabin karatun. Ku tambaya manyan malamai nawa ne na dindindin a sashen, ku nemi waɗanda suka gama bara su faɗa muku shekara nawa suka ɗauka. A cikin garin nan akwai KASU, akwai makarantar digiri na biyu ta NDA wadda take ɗaukar farar hula, ga Zariya kusa. Ku gwada su da na coci a kan sikeli ɗaya.

Ina da magana da mu shugabanni kuma, tun da na san dattawa suna leƙa wannan shafi. Makarantun mishan na dā, irin su Queen of Apostles ta Kakuri wadda ta zama Queen Amina bayan gwamnati ta karɓe ta a shekarun 1970, 'ya'yan manoma da leburori suka ɗauko suka mai da su malamai da ma'aikatan jinya. Yau gwauruwar da take sayar da ƙosai, wadda ba ta fashin baiko ranar da aka ce na jami'a ne, ɗanta ba ya iya ko shiga ƙofar. Ban ce a rage kuɗin makaranta har a kasa biyan malamai ba, na riga na nuna inda kuɗin yake tafiya. Abin da nake cewa, ikilisiyar da ta iya tara miliyoyi ta sa tayil da sabbin kayan kiɗa tana iya ɗaukar ɗalibi ɗaya mai ƙwazo a shekara, ta biya masa har ya gama, da ƙa'ida a rubuce, a zaɓe shi a fili ba don ɗan wane ne ba. Idan ikilisiya ɗaya ba ta iya ba, gunduma ta iya.

Kafin mu kai can, akwai abin da zumuntar matasa za ta iya yi ba tare da kuɗi ba. A cikinku akwai likitoci, lauyoyi, malaman jinya da waɗanda suka gama a Karu, Zariya, Kafanchan da Jos. Ku ware Asabar ɗaya kafin a rufe canjin makaranta da kwas na JAMB, ku zaunar da ƙannenku 'yan aji shida tare da iyayensu, kowa ya faɗi nawa aka kashe masa, shekara nawa ya yi, da abin da yake yi da takardar yanzu. Wanda yake da waya mai intanet ya buɗe shafin NUC a wurin, a duba kwas ɗin kowane yaro ɗaya bayan ɗaya.