Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Shugaban Ofishin Rajistar Ƙirƙire-ƙirƙire na Amurka

Ranka ya daɗe,

Maƙasudin wannan wasiƙa shi ne tunatarwa game da takardar mallaka mai lamba 5,838,906, wadda ofishinku ya bai wa Jami'ar Kalifoniya a Nuwamban 1998, kamfanin Eolas na Michael Doyle kuma ya riƙe lasisinta. Da'awarta a taƙaice ita ce, duk manhajar duba intanet da ta ɗauko wata manhaja da kanta don kunna bidiyo ko sauti a cikin shafi, har mai karatu ya iya sarrafa su a nan take, to ta shiga hurumin wani.

Da wannan takarda Eolas ya kai Microsoft ƙara a 1999, aka yanke wa Microsoft biyan diyyar dala miliyan 521 a Chicago a Agustan 2003. Ba Microsoft nake wa kuka ba, domin mai dukiya ne, ya kuma sasanta a 2007. Abin da ya dame ni shi ne waɗanda ba a kira su gaban alƙali ba amma hukunci ya hau kansu, domin tun daga 2006, da aka sauya Internet Explorer don kauce wa da'awar, sai ya zama duk wanda ya buɗe shafi mai Flash ko QuickTime ko Java, wajibi ne ya fara danna abin sau ɗaya don tayar da shi kafin maɓallansa su amsa masa. Masu gina shafuka kuwa, malamin makaranta da ɗan kasuwa da mai gidan rediyo, suka koma suna warware aikin da suka gama, suna ɗauko bidiyon ta wani fayil na JavaScript daban, hilar da ba ta ƙara wa kowa ilmi ko amfani ba. Sai a 2008 aka janye wannan takura.

Malaman fikihunmu sun halatta wa mutum mallakar matacciyar ƙasa idan ya raya ta, amma da sharaɗin kada wani ya riga shi, kuma idan tana kusa da gari sai da izinin shugaba, saboda maslahar jama'a. Shin ofishinku ya binciki wanda ya riga? Pei-Yuan Wei, ɗalibi a Berkeley, ya riga ya gina manhajar duba intanet ta ViolaWWW mai irin wannan aiki kafin a shigar da buƙatar takardar a 1994. Tim Berners-Lee da kansa, wanda ya ƙirƙiro tsarin shafukan intanet, ya rubuto wa magabacinka James Rogan a Oktoban 2003 yana roƙon a sake nazari. Aka sake, amma a 2005 kuka tabbatar da takardar, har ta zama makamin kai Google da Amazon da Yahoo ƙara a 2009, ba ta faɗi ba sai a Fabrairun 2012 a kotun Tyler ta Texas.

Roƙona shi ne, duk buƙatar da ta taɓa ƙa'idojin da shafukan duniya suka doru a kansu, a nemi bayanin masana irin na ƙungiyar W3C mai tsara waɗannan ƙa'idoji, a tono tsofaffin manhajoji da wasiƙun masu gina su, kafin a buga hatimi.

Wassalam.