Sharhi: Faifai Mai Juyi, Ma'aji Marar Motsi da Rajistocin Gure

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin ofishin rajistar haihuwa, sa'ad da ake haɗa takardun ƴan makaranta masu shirin jarrabawar BEPC, ya san darajar shafi guda. Magidanci yakan baro ƙauyensa a ƙasar Kelle, ko Bune, ko Gidigir, ya zo ma'aikatar magajin gari neman kofin takardar haihuwar ɗansa. In an sami rajistar lafiya, kafin azahar ya kama hanyar gida. In kuwa gara ta ci shafin, ko ruwan damina ya jiƙa shi, to, sai ya nemi shaidu da kuɗin mota, ya nufi kotun Gure. Dokar rajistar jama'a ta ranar 1 ga Yuli 2019 ta buɗe hanyar shigar da irin waɗannan bayanai cikin kwamfuta, kuma wannan abin murna ne. Sai dai akwai tambaya guda wadda ba a cika yi ba a wurin taro: cikin kwamfutar, a kan me ake rubuta sunan yaron, kuma shekara nawa abin zai riƙe shi?

Iri biyu ne a kasuwa. Na farko shi ne faifai mai juyi, wanda ake ce wa disque dur da Faransanci. Wanda ya san faifan garmaho ya kusa gane shi. Faifai ne na ƙarfe ko na gilashi, an shafe shi da sinadarin maganaɗisu, yana juyawa cikin rufaffen akwati, wani ɗan hannu kuma yana kai da kawowa a bisansa yana rubutu yana karatu. Bambancinsa da garmaho shi ne bakin hannun ba ya taɓa faifan. Yana shawagi ne a kan iskar da juyin ya tayar, a tazarar da gashin kai ya fi ta kauri sau dubbai. Sabili da haka ne in kwamfuta ta faɗi tana cikin aiki, bakin yakan daki faifan ya kankare rubutun.

Kamfanin IBM na Amurka ya fito da na farkonsa a 1956. Faifai 50 ne a jere, faɗin kowanne ya ɗara santimita 60, nauyin na'urar kusan tan guda, abin da take ɗauka kuwa haruffa miliyan 5, watau da ƙyar ta riƙe hoto biyu na salular yau. Daga nan masu ƙira suka shiga tsere iri biyu, na girman ciki da na sauri. Tseren saurin shi ne abin dubawa a nan. An daɗe ana juyi 3,600 a minti guda. Kamfanin Seagate ya kai 7,200 a 1992, ya kai 10,000 a 1996 da faifan da ya sa wa suna Cheetah, sa'an nan 15,000 a shekarar 2000, watau juyi 250 cikin daƙiƙa guda. Western Digital kuma ya fito da Raptor a 2003. Waɗannan su ne dawakin sukuwa na zamaninsu: bankuna da kamfanonin waya da manyan ma'aikatu suka dogara da su. Amma saurin yana da farashi. Suna shan wuta, suna zafi, suna ƙara, kuma dole aka rage faɗin faifan don ya jure juyin, har mafi girman masu juyi 15,000 ya tsaya a giga 900. Duk da wannan wahala, abin da yake iya nemowa a daƙiƙa guda bai wuce bayani 200 da ƴan kai ba, domin kowane nema sai hannu ya tafi wurin, ya jira faifai ya juyo.

Iri na biyu shi ne ma'aji marar motsi, wanda ake sayarwa da sunan SSD. Ɗan'uwan katin memwar na salula ne. Ba faifai, ba hannu, ba abin da ke juyawa; ana tsare ɗan cajin lantarki ne cikin ƙananan ɗakuna biliyoyi a jikin guntun silikon. Wani injiniya ɗan Japan, Fujio Masuoka, shi ya ƙago dabarar a kamfanin Toshiba cikin shekarun 1980. A 1991 aka sayar da ɗaya mai ɗaukar mega 20 a kan kimanin dalar Amurka 1,000 (mai karatu ya lura, ba dalar nan ta tamma biyar ba ce). Tsada ce ta hana shi yaɗuwa shekara da shekaru. Da farashi ya sauko, sai aka ga wanda ya fi araha a cikinsu yana nemo bayani dubu goma-goma a daƙiƙar da dokin sukuwa yake nemo 200.

Nan ne maganar faifai mai tsananin sauri ta ƙare. Abin da aka ƙera shi dominsa shi ne sauri, an kuwa fi shi sauri ninkin ba ninkin, da ƙarancin wuta da ƙarancin zafi. Shekaru da dama ke nan ba a fito da sabon zubi na wannan iri ba. A 2010 an sayar da faifai mai juyi kimanin miliyan 650 a duniya. A 2023 abin da aka sayar bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na wannan ba. Kamfanonin da suka taɓa ƙera shi sun fi 200, yau uku suka rage: Seagate, Western Digital da Toshiba. Ya kamata masu sayen kayan ma'aikatu su riƙe wannan, domin tsofaffin injunan da ofisoshin Turai suka sauke suna shigowa kasuwannin Afirka ta Yamma da irin waɗannan faifai a ciki, da sunan babban kaya a farashi mai sauƙi. Araha ba ta ado. Faifan da ya riga ya yi shekara bakwai yana juyi dare da rana ba wurin ajiye sunan ɗan kowa ba ne.

To, amma mutuwar doki ba ta nufin raƙumi ya mutu. Mota ta karɓe aikin ɗan aike, ga shi kuwa har yanzu amale yana ɗauko kanwa daga kwaruruwan Manga. Faifai mai juyi ya bar tseren sauri ya koma ɗaukar kaya. A 2013 aka fara cika akwatinsa da iskar heliyom, wadda ta fi iskar duniya sauƙi, don a sami damar jera faifai da yawa. A 2024 Seagate ya fito da mai ɗaukar tera 30, wanda wani ɗan hasken leza yake ɗumama wurin da za a yi rubutu don a matse haruffa. Tera guda giga 1,000 ne. In aka ƙaddara hoton kowane shafin rajista mega guda, tera guda shafi miliyan ke nan. Kuma kuɗin tera guda a faifai mai juyi har yanzu ya gaza na ma'aji marar motsi sau da yawa. Don haka ne manyan rumbunan bayanai na duniya suke ci gaba da sayensa, kuma buƙatarsu ta sa farashin iri biyun ya tashi a 2025. Ba wannan ne karo na farko ba: ambaliyar ƙasar Tailan a 2011 ta shanye masana'antu, faifai ya yi tsada a ko'ina. Ƙasar da ba ta ƙera ko guda sai ta yi tanadi da sanin haka.

Wanne ya dace da Gure? Garin yana kimanin kilomita 160 gabas da Damagaram, a ƙasar da rairayi yake tafiya yana cike kwari. Hunturu yana zuwa da ƙura, bazara kuma da zafin da yake wuce digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu. Ƙura ba ta cika shiga cikin akwatin faifan ba, amma tana toshe fankar kwamfuta, zafi ya taru, kayan ciki su gaji da wuri. Ga ɗaukewar wuta. Ga kuma ma'aikacin da yake ɗaura kwamfuta a bayan babur ya shiga tudun rairayi domin rajista a ƙauye ko a rugar makiyaya. A wannan hali, babu shakka, kwamfutar aikin yau da kullum ma'aji marar motsi ya kamata a sa mata. Ba ya tsoron jijjiga, yana tashi nan da nan, kuma batirin da allon hasken rana ya cika yakan fi daɗewa da shi. Sai a haɗa da ondilar, na'urar da take riƙe wuta ƴan mintoci, domin shi ma yakan rikice in wuta ta yanke yana tsakiyar rubutu.

Inda ake kuskure shi ne a ɗauka tun da sabo ne, ya isa ma'ajin dindindin. Cajin da ke cikin ɗakunansa yana zurarewa sannu a hankali, kamar ruwa a jikin sabon tulu, kuma zafi yana ƙara saurin zurarar. Hukumar JEDEC, mai tsara ma'aunin irin waɗannan kaya, abin da ta shardanta shi ne: ma'ajin kwamfutar gida wanda aka ci ƙarfinsa da rubutu ya riƙe bayani shekara guda ba wuta a zafin digiri 30, na manyan injuna kuwa wata uku a digiri 40. Gaskiya ne sabon da ba a wahalar ba yana wuce haka nesa. Amma mai karatu ya tuna da kabad na ƙarfe, cikin ɗaki mai rufin kwano, a kulle, a watan Mayu. Wanda ya kwafe rajistar shekara goma a ɗan kile na USB ya jefa aljihun tebur, yana cewa ya adana, ya dogara da abin da ba a yi masa alkawari ba. Har ila yau, faifai mai juyi yakan yi gargaɗi kafin ya mutu, ya yi ta ƙas-ƙas, ya yi nawa. Ma'aji marar motsi sau da yawa safiya ɗaya ake kunnawa a tarar ya yi shiru, kuma ciro abin da ke cikinsa ya fi wuya.

Shi ma faifai mai juyi ba a ba shi amana har abada. Garantin da kamfanoni suke bayarwa ba ya wuce shekara biyar, kuma wanda aka ajiye da daɗewa ba a kunna ba injinsa yakan cije.

A Yamai, a cibiyar bincike ta IRSH, akwai dubban littattafan Larabci da ajami waɗanda marigayi Bubu Hama ya fara tarawa. Wasu sun yi ɗaruruwan shekaru, malami kuma zai buɗe ya karanta yau ba tare da ya nemi wuta ba. Disket ɗin da sakatarori suka cika a shekarun 1990 kuwa, wa ke da injin karanta shi yanzu? Kamfanin Sony ya daina ƙera shi tun 2011. Ba a zubar da ruwan tulu don ganin hadari. Rajistar takarda ta ci gaba da zama uwa, a ɗaure ta da kyau, a ɗaga ta daga ƙasa saboda gara. Wannan ya shafi takardun filaye ma. Tun Dokar Karkara ta 1993 kwamitocin COFO suke rubuta gonaki da burtali da rijiyoyi, kuma a kwarin da ake noman dabino da rogo, shaidar gona guda in ta ɓata tana iya haɗa dangi biyu faɗa har jikoki.

Abin da ya kamata ma'aikatu su tsaya a kai ba mai wuya ba ne. Kowane bayani ya kasance wuri uku: a kwamfutar aiki, a babban faifai mai juyi na cikin ofis wanda ake kwafewa kowane mako, da kuma wani kofi a wani gari dabam, Damagaram ko Yamai, cikin ɗaki mai sanyi da wuta tsayayya, domin gobara ko ɓarawo ba sa bambanta kofi biyu da ke ɗaki ɗaya. Can ne manyan faifai masu tera 20 ko 30 za su yi amfani. A sa kuɗin sauya faifai cikin kasafin kowace ƙaramar hukuma, domin aikin taimako yakan kawo kwamfuta ya tafi, shekara biyar kuma ba ta da nisa. A gwada kowane ma'aji ranar da aka karɓe shi, tun ɗan kwangila yana tsaye, saboda akwai na jabu da suke nuna girman da ba su da shi. Tsohon faifai kuma kada ya fita ofis zuwa kasuwa sai an goge shi sarai ko an farfasa shi. Tun 2017 Nijar take da dokar kare bayanan mutane, kuma sunan uwa da uba da ranar haihuwa suna cikin abin da ta kare. Matasan da suka karanta fasahar kwamfuta a jami'ar Damagaram za su iya riƙe wannan aiki in an ɗauke su.

Saura abu guda, wanda ba ya cin ko tamma. Kowane wata uku, shugaban ofis ya zaɓi suna guda daga tsohuwar rajista, ya ce a kashe kwamfutar aiki, a ciro masa takardar daga kofin ajiya. In ta fito, a rubuta kwanan wata a littafi, mutum biyu su sa hannu. In ba ta fito ba, a sanar da Damagaram ran nan, tun rajistar takarda tana nan a kan kanta.